Tsagar da Ke Ƙarƙashin Ruwan Zafi

Ƙarfe bakwai na safiyar Juma'a iska ta fara kaɗa allunan tallan da ke bakin kasuwar Shahe, sama ta yi duhu kamar magariba, ruwa kuwa bai sauko ba tukuna. Tun ranar Laraba ake faɗa a talabijin cewa guguwa na tahowa daga teku. Ni dai ba ita ce a raina ba. Abin da ya dame ni shi ne wayar Yaya Ƙasimu da ke aljihun wandona a kashe, batirinta a ɗaya aljihun.

Yaya Ƙasimu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa shida a Guangzhou yana sayen wandunan jins yana aika wa 'yan kasuwar Kantin Kwari a Kano, ni kuma na biyo shi bara. A damina sanyin ƙashi ya kama shi a ƙugu, har ta kai a kan kujera yake salla. An sha ƙwayoyi, an yi allura, babu sauƙi.

Akwai wata Musulmar Caina da muke sayen kaya a wurinta, Madam Ma. Wata rana ta ga yadda yake tafiya a karkace, sai ta ja ni gefe ta ba ni labarin ƙauyensu, can Yunnan, gaba da wani gari Tengchong, kusa da iyakar Bama. Ta ce duwatsun wurin a da suna aman wuta, yanzu sun yi shiru, amma ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafin da ake dafa ƙwai a ciki. Ta ce ana kawo tsofaffi a goye su koma da ƙafarsu. Ni na kai wa Yaya wannan labari. Ni na yi ta damunsa har ya yarda.

Ranar da zai tafi ya miƙo min wayarsa. A wurinmu layin waya na kasuwa ne. Mai kaya yana iya zuwa duk inda ya ga dama, amma layin da mutanen gida suka sani yana zama inda kaya suke, don kada wani ya kira ya ji shiru ya koma wa wani dillalin. Muka shirya cewa duk bayan kwana uku, da la'asar, zan kira wayar shagon kawun Madam Ma, a kira min shi.

"Sharfaddeen, abu ɗaya," in ji shi a tasha. "Kada Asma'u ta sani. Ka ce ina kamfani a Xintang, babu sabis. In ta ji ina ciwo Hajiya za ta ji, in Hajiya ta ji ka san sauran."

Asma'u matarsa ce, tana Kano da yara biyu, Hajiya kuma mahaifiyarmu ce. Kwana goma sha ɗaya ina yi mata wannan ƙarya. Da farko da wasa take ɗauka, don dama abokiyar wasana ce.

"Ƙanin miji, wane irin kamfani ne wannan, rijiya ce? Ko dai ka yi masa 'yar Caina ne kuna ɓoye min?"

Amma ranar Alhamis da magariba muryarta ta canza. Ba ta ce min ƙanin miji ba. Ta ce, "Sharfa, rantse da Allah yana Xintang." Na ce mata layin na yankewa, na kashe wayar, na cire batirin, na ce a raina gobe bayan na ji muryarsa sai in san abin da zan gaya mata.

To, da safen nan da na isa shagon Madam Ma, na tarar ta fito da dilolin kaya ta jibge a bakin ƙofa ba ta kwance ko ɗaya ba. Duk shagunan layin wasannin Olamfik suke kallo, ita kaɗai ta juya ƙaramar talabijin ɗinta wata tasha. Na yi mata nihaw, gaisuwarsu, ba ta amsa ba. Ta nuna min gilashin da yatsa. Na ga gidajen ƙasa a rushe, katakan rufi a waje kamar haƙarƙarin saniya, wata tsohuwa zaune a kan hanya da bargo.

Turancinta kaɗan ne, nawa ma haka, amma na gane. Jiya da daddare, bayan takwas, ƙasa ta girgiza a yankinsu. Akwai waɗanda suka mutu, da yawa sun ji rauni.

"Kawu fa? Yayana fa?"

Ta ɗaga wayarta ta girgiza kai. "Meyo," ta ce. Wato babu. Tun dare take kiran shagon kawun nata, ba ya shiga. Ta ce tun asubar Laraba ƙasar ta ɗan motsa, amma ba ta gaya min ba, don su can sun saba da ƙananan.

Na zauna a kan dilar jins. Duk mun ga abin da ya faru a Sichuan a watan Mayu, wata uku ke nan, mun ga yadda ake zaro mutane daga ƙarƙashin bene. Na ciro tawa wayar na kira lambar shagon. Wata mace ta yi bayani da Sinanci, aka yanke. Na sake. Na kira ya fi sau ashirin ina zaune a wurin, kamar in na matsa wa lambar za ta ji tausayina.

Daga nan na nufi sito wurin Abass. Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, shi yake yi mana lodin kwantena. Kafin ya zo Caina ya yi shekara tara yana haƙa rami tare da masu binciken dutse a mahaƙar zinariya, shi ya sa duk abin da ya shafi ƙasa shi ake tambaya. Na same shi yana ɗaure kwali. Da ya ga fuskata ya ajiye salatif.

"Ɗan Kano, wa ya mutu?"

Na gaya masa. Ya yi salati, ya tambayi sunan wurin, na faɗa. Ya ce, "Inda ruwan zafi yake?" Na ce nan ne.

"Don Allah Abass, gaya min gaskiya. Ƙauyen yana kusa da wurin da abin ya yi ƙarfi?"

"Ban san ƙauyen ba, ƙanena. Amma zo ka gani."

Ya jawo kwalaye biyu cike da kaya, ya manna su da juna a kan siminti. Ya ce in ɗauka kowane ɗaya ƙasa ce mai faɗin tafiyar kwanaki. Ya ce ƙasar da muke takawa ba guda ɗaya ba ce, faranti-faranti ce, kuma farantin da Indiya take kai yana ta tunkuɗo na Caina daga kudu, a hankali, kamar yadda farce yake tsiro. Tunkuɗar nan ce ta tayar da manyan duwatsun can, ita ce kuma take matse ƙasar Yunnan tana zamewa gefe. Inda ta kasa jurewa sai ta tsage, tsaga mai zurfin da ba a taɓa haƙa irinsa ba.

Ya dafa kwali ɗaya ya fara tura shi gaba, ɗayan ya riƙe da gwiwa. Kwalayen suka cije da juna, suka ƙi motsi, gefensu ya fara lanƙwasa.

"Ka gani? Haka yake zama shekara hamsin, shekara ɗari. Mutane na noma a kai, suna aure a kai. Ƙarfin yana taruwa." Ya ƙara turawa. Kwalin ya kuɓuce gaba ɗaya, kofin shayin da ke kai ya faɗi ya fashe. "Shi ke nan. Ƙiftawar ido ne."

"To ruwan fa? Me ya haɗa shi da wannan?"

Ya ture fasasshen kofin gefe. Sannan ya sa yatsa a tsakanin kwalayen.

"Duwatsun wutar can ba su mutu ba, barci suke. A ƙarƙashinsu har yanzu dutse da zafinsa. Ruwan sama yana bi ta tsagar ya gangara, ya tarar da zafin, ya tafasa, ya dawo sama ta tsagar dai, da warin farar wuta. In ka ga maɓuɓɓugan ruwan zafi sun jeru a kwari ɗaya, to layin tsagar kake gani."

Na kalli yatsan nasa a cikin ramin. Ashe wurin da na tura ɗan'uwana neman lafiya, a kan bakin abin yake zaune. Na tuna yadda ya gaya min ranar Talata yana dariya, wai ruwan wari yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai amma ya fara taɓa gwiwarsa da hannu.

"Ta gama ke nan, ko za ta sake?" na tambaya.

"Tana sakewa. Ƙanana, wani lokaci da ɗan girma. Kwali in ya zame ba ya zama daidai nan take. Bangon da ya tsage jiya, yau yake faɗuwa."

Na miƙe na ce zan tafi tashar jirgin ƙasa. Abass ya riƙe min riga.

"Da wace takarda? Bizarka ba tun Mayu ya mutu ba?"

Gaskiya ya faɗa. Saboda wasannin nan ana duba takardun baƙi a ko'ina, tasha kuwa ba a magana. Ni da ko layin waya sau biyu na canza saboda jita-jitar da ake yi cewa ta waya ake gano mutum. In na je, kafin in ga jirgi an kama ni, a rasa mai neman Yaya gaba ɗaya. Na ce to in je in ba da kaina, in dai za su nemo min shi. Abass ya ce, "Kai za su nema wa jirgin Legas, ba shi ba." Sai na zauna a kan kwalin da ya zame, na rufe fuskata. Ban san lokacin da na fara cewa ni na kashe shi ba. Abass bai hana ni ba. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce in tashi mu je masallaci, ko a cikin Sinawan da ke zuwa a sami ɗan yankin.

Ruwa ya fara sauka muna cikin huɗuba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, dama ba jin yaren nake ba. Bayan an sallame muka bi masu fararen huluna ɗaya bayan ɗaya, Abass na tambaya da ɗan Sinancinsa. Wannan ɗan Gansu ne, wancan ɗan Ningxia. Mutum ɗaya muka samu ɗan Yunnan, shi ma ya ce garinsu da can tafiyar yini biyu ce. Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Muna tsaye a ƙarƙashin rumfa sai ga Alhaji Maidaji, wani dattijo ɗan Maraɗi da ke sayen kaya ta hannun Yaya. Bai san abin da ake ciki ba, ya taho da faɗansa.

"Kai yaro, wane irin sakarci ne wannan? Tun jiya nike bugun layin yayanka, a kashe! Ƙasimun da ko a banɗaki yake ɗauka? Lambar da shekara shidda bai taɓa sakewa ba, ko cikin barci ka tashe shi sai ya karanto ma ita?"

Abass ya juyo ya kalle ni a hankali.

"Wayar yana ina?"

"Tana nan. Na kashe ta jiya, saboda matarsa."

"Sharfaddeen. Mutum in ya faɗi a ƙasar da ba ya jin magana, aka miƙo masa waya, wace lamba zai danna? Taka da kake canzawa kamar riga?"

Kwana goma sha ɗaya ni ke kira, shi ba ya kira, har kaina ya ɗauka hanyar guda ce. Na fito da wayar cikin gaggawa, batirin ya faɗi cikin ruwa, Alhaji Maidaji ya tsince shi ya goge da bakin rawaninsa ya miƙo min, ya daina faɗan. Ta kawo haske. Sai saƙonnin kiran da aka yi tana kashe suka fara shigowa, ɗaya na bin ɗaya, duk da rubutun Caina, amma lambar da ke ciki ko ni na iya karanta ta. Ban da lambobin da na sani, akwai guda ɗaya baƙuwa. Sau tara. Na farko ƙarfe shida na safe, na ƙarshe sha ɗaya da rabi, daga nan ba a sake ba.

Kafin in danna komai wayar ta yi ƙara. Asma'u ce. A Kano gari ya waye ke nan. Na so in yanke, Abass ya girgiza min kai. Na ɗauka.

"Anti, ki yafe min. Ba ya Xintang."

Na gaya mata duka, ciwon, da kujerar sallar, da ruwan, da girgizar, da cewa ban san ko yana da rai ba. Na jira ta yi kuka ko ta zage ni. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ka ce wani ya yi ta kiran layin nan?"

"Sau tara."

"To me kake yi da ni a kai? Sauka, Sharfa! Sauka kada ya kira ya ji shi a cike!"

Ita ta kashe.

Abass ya kira baƙuwar lambar. Wata mace ta ɗauka, ta yi ta zuba magana da sauri, ga hayaniya a bayanta. Ya ce wannan ba irin Sinancin da ya sani ba ne, ko kalma bai kama ba, sai dai sunan asibiti. Ta kashe. Na ce Madam Ma. Ban jira mota ba, dama babu, iska ta kore su daga titi. Na cusa wayar a leda na sa cikin singileti na kama gudu. Na bi ta lunguna don kada in haɗu da masu duba takarda, ruwa har idon sawu, reshen bishiya na faɗowa a gabana. Duk inda na tsaya numfashi sai in ce, ya Allah ko da ƙafa ɗaya ne, ko da ba ya magana ne, ka bar min shi.

Rabin shagunan Shahe sun rufe. Madam Ma tana nan inda na bar ta, kayanta har yanzu a bakin ƙofa, feshin ruwa na dukansu. Na miƙa mata wayar na nuna lambar. Ta kira. Tana jin muryar matar ta miƙe tsaye, harshenta ya juye zuwa wani irin da ban taɓa jin ta yi ba. Suka yi ta yi. Ina kallon bakinta kawai. Can ta rufe wayar da tafin hannu ta ce min nas ce, a harabar asibitin gunduma, an kafa tantuna don ba a yarda kowa ya kwana cikin gini ba. Akwai baƙin mutum ɗaya. Ta ce in jira, an tafi kai masa.

Ban san minti nawa ba ne. Ina jin takun matar, da kukan yaro, da ƙarar janareto. Sai na ji tari.

"Salamu alaikum. Wa ke nan?"

"Yaya!"

"Sharfa? Kai ɗan banza, wa ya ce ka kashe min layi? In 'yan Kwari sun kira fa?"

Na durƙusa a cikin ruwan nan ina kuka, shi kuma yana ta ce min to ya isa, ya isa, wayar baiwar Allah muka tsare. Muryarsa ba ta da ƙarfi. Ya ce tun ranar Litinin ruwan wankan ya yi laka-laka, zafinsa ya ƙaru, tsofaffin ƙauyen suka yi ta kallonsa suna magana ƙasa-ƙasa. Da aka yi girgizar asubar Laraba sai kowa ya fito da shimfiɗarsa filin shanya shinkafa, maza da mata wuri guda. Kawu ya yi ta yi masa nuni da hannu kada ya koma ɗaki. Jiya da daddare shi kuma ya ji kunyar ya zauna kan kujera yana salla a tsakiyar matan mutane ana kallonsa, ya ce bari ya shiga ya yi isha'i ya fito, minti biyar ne. Yana raka'a ta biyu ƙasa ta ɗaga shi ta jefar, bangon ya biyo. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Kawu da wasu maza uku suka tono shi da hannu, suka ɗora shi a bayan tarakta.

"Yanzu ma ta ɗan motsa muna kwance," in ji shi. "Asma'u ba ta sani ba ko?"

"Ta sani, Yaya. Na faɗa mata."

"To. Kira ta yanzu, ka ce ka ji ni da kunnenka. Kada ka rage komai, tunda ka fara."

Madam Ma ta miƙo hannu na ba ta wayar. Aka haɗa ta da kawun nata, wanda ke zaune kusa da Yaya tun dare. Na ga fuskarta ta saki, sannan ta sake ɗaurewa. Da ta gama ta ce kawu lafiyarsa ƙalau, amma tsohuwarta tana can gidan da ke saman tudu, dutse ya zubo ya toshe hanya, babu wanda ya kai can tukuna. Ya ba ta lambar wani mai babur da ya ce zai gwada ta bayan dutse. Ta mayar min da wayar Yaya ba tare da ta kalle ni ba, ta ɗauki tata, ta koma kan kujera ta fara dannawa.

Na kira Asma'u da tawa wayar, na bar ta Yaya a buɗe. Da ta ji, ta ce alhamdulillahi sau uku, sannan kukan ya zo. Ta ce ni da ita akwai zama, amma ba yau ba.

Iska ta ƙara ƙarfi, ruwan ya fara shigowa a karkace. Dilolin Madam Ma bakwai ne a waje, na saman har ledarsa ta yage, shuɗin rini na gangarowa kan siminti. Na sa wayoyin a kan kanta inda ruwa ba ya kaiwa, na naɗe hannun riga, na shigo da su ɗaya bayan ɗaya na jera bayan ƙofa, wanda ya jiƙe na ɗora shi a sama. Na jawo ƙofar ƙarfen zuwa rabi. Ita tana can ta juya baya, waya a kunne, tana jiran a ɗauka.